Rawar Bale ta Rasha: Baƙi Suka Gina, Masu Hijira Suka Yaɗa

Da an ambaci rawar bale, wannan wasa da ake ba da labari da jiki da kiɗa ba tare da buɗe baki ba, sai hankali ya tafi Rasha. Alhali ba can aka yanke mata cibiya ba. A fadojin Italiya ta tsiro, ta girma a fadar Faransa, shi ya sa har gobe ko a Mosko da Faransanci malami yake kiran sunan kowane taku. Makarantar farko a Rasha ma Bafaranshe ne, Jean-Baptiste Landé, ya buɗe ta a Sen Pitasbag cikin 1738, da izinin Sarauniya Anna.

An ce baƙo raɓa ne, amma ban da Marius Petipa. Ya sauka Rasha daga Faransa a 1847, kuma a can ƙasa ta rufe masa ido a 1910. Yawancin abin da duniya take kira gadon Rasha ta hannunsa ya bi. Wasan Tafkin Suwan, labarin gimbiyar da aka yi wa sihiri ta koma farar tsuntsuwar ruwa, bai yi wani armashi ba da aka fara nuna shi a Mosko a 1877, duk da kiɗan Caikofski. Sai da Petipa da Lef Ifanof suka sake ɗinka shi a 1895 ya zauna da gindinsa. Wadda ta yi juyin nan 32 a kan ƙafa ɗaya a wasan, wanda har yau ake auna gwanaye da shi, 'yar Italiya ce, Pierina Legnani.

To me Rashawa suka zuba nasu? Kuɗi da haƙuri. Lokacin da rawar ta yi sanyi a Faris, har maza suka koma 'yan rakiya, fadar sarkin Rasha ta riƙe ta da baitulmali. Ana ɗaukar yaro yana kusan shekara 10, a yi ta horar da jikinsa wajen shekara takwas. Bayan juyin juya halin 1917 an yi zaton 'yan gurguzu za su watsar da ita a matsayin wasan 'yan sarauta, sai suka rungume ta. A zamaninsu Agrifina Baganofa ta haɗa laushin Faransa da ƙarfin ƙafar Italiya, ta tsara darasi mataki mataki, ta buga littafinta a 1934. A ganina nan ƙarfin yake. Mai rawar da ta horu a can daga gadon baya motsinta yake tasowa, hannu kuma ba ado ba ne, da shi take magana.

Sai dai hannun da ya ciyar shi ne ya matse. Ƙungiyar da Sargei Diyagilef ya kai Faris a 1909, wadda ta fito da su Nijinski, ba ta taɓa yin wasa a Rasha ba ko sau ɗaya. Da ya rasu a 1929 yaransa suka watsu. Balanchine ya nufi Amurka ya kafa makaranta a 1934, Ninette de Valois kuwa, wadda ta yi rawa a ƙungiyar, ita ta kafa ƙungiyar bale ta masarautar Ingila. Gwamnatin Sobiyet ta gane amfanin abin a fagen diflomasiyya: a 1956 ta tura gidan bale na Bolshoi Landan, inda Galina Ulanofa, tana da shekara 46, ta fito a matsayin budurwa Juliyet, kuma 'yan kallo suka yarda. Amma fita waje ƙofa ce. Rudolf Nureyef, ɗan ƙabilar Tatar, ya ƙi hawa jirgin komawa gida a Faris a 1961. Makarofa ta bi sahu a 1970, Barishnikof a 1974, dukkansu daga gidan bale na Kirof, dukkansu kuma suna neman sararin taka sababbin raye-rayen da hukuma ta toshe musu.

Cuɗanyar rawar da mulki ta kai har da aka yi yunƙurin kifar da shugaban Sobiyet Gorbacof a watan Agustan 1991, Tafkin Suwan talabijin ya yi ta haskawa maimakon labarai. A 2022 kuma, bayan Rasha ta afka wa Yukren, Landan ta soke ziyarar Bolshoi, ita kuma Olga Simirnofa, ɗaya daga manyan taurarin gidan, ta fito fili ta soki yaƙin, ta tattara kayanta ta koma ƙungiyar bale ta ƙasar Holan.