Wa ke biyan masu tambaya?

Ka tuna ranar da farar mota ta tsaya bakin kasuwa, samari suka sauko da takardu? Suka tambaye ka dami nawa ka samu bana, awaki nawa gare ka, ɗiyanka nawa suka tafi bida Abijan ko Libiya. Ni na yi musu tafinta kwana uku a wani ƙauye na ƙasar Kalfu. Wani tsoho ya bar gyaran rumbunsa ya zauna da su tun hantsi har azahar. Shekara huɗu ke nan, ko takarda ɗaya ba ta dawo ba.

Da farko na ji haushin samarin. Daga baya na gane ba su ke da laifi ba. Laifin yana wajen kuɗin.

Ga yadda abin yake. Malamin jami'a da ke son binciken zaman jama'a ba ya da kuɗin mota da mai da tafinta a aljihunsa. Sai ya rubuta takardar neman tallafi. Ya faɗi abin da zai bincika, da watannin da zai yi, da lissafin kowace dala. Mai ba da kuɗi, sau da yawa daga Turai ko Amurka, shi ke cewa i ko a'a. Aikin jami'a shi ne ta nuna wa malaminta ƙofar da zai buga, ta taya shi gyara lissafi, ta riƙe kuɗin, ta adana shaidar duk abin da aka kashe. In ba a taya shi ba, sai ya gaji, ya karɓi ƙwadagon wani porje: kwana goma cikin karkara, rahoto ɗaya, a sa a akwati. Wani masani da ya daɗe yana aiki a Nijar, Olivier de Sardan, ya yi rubutu kan wannan ciwo a 2011. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar LASDEL a Yamai a 2001, don bincike mai daɗewa ya samu gida.

To, mai biyan makaɗi shi ke zaɓen kiɗa. Shi ya sa ake ta tambayarka awaki, ba a tambayarka yadda aka yi gonar kakanka ta fita hannunku.

Amma kada ka ce duk bincike banza ne. A 1975 littattafai biyu sun fito a Yamai kan Adar ɗinmu, cikin jerin da ake kira Études nigériennes. Ɗaya na Djibo Hamani ne, kan Adar kafin zuwan Nasara. Ya haɗa bakin tsofaffi da tsoffin takardun Larabci. Ya bi labarin Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin Kabi. Aiki ne na haƙuri, kuma na ɗan ƙasa. Sai dai sarakai da mayaƙa sun fi cika shi. Mai hauya ba ya yawan fitowa.

Ɗayan na wata Bafaransa ce, Nicole Echard. Ita wajen talakawa ta zauna: Azna, da maƙera masu narka tama, da yadda kowane gari ke riƙe da labarin kafuwarsa. Ni nata ya fi shiga raina, ko da yake ba ya da sauƙin karatu ko ga wanda ya yi lakwal. Littattafan nan biyu ba a kwana goma aka yi su ba. An samu cibiya da ta tsaya musu, ta buga aikinsu. Haka Benedetta Rossi, wadda ta fitar da littafi a 2015 kan bauta da aiki a Adar, har zuwa porjen Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu ana biyansu da abinci.

Ga inda nake da ƙara a kansu duka. Biyu da Faransanci, ɗaya da Ingilishi. Matar da ta ɗauki dutse a Keita, da wane kunne za ta ji abin da aka faɗa a kanta? Kai da ka sha wahalar koyon baƙi da wasali bayan sallar isha'i, an rubuta tarihin kakanninka, ga shi ka iya karatu, amma ƙofar a rufe take. Ni ban taɓa riƙe ko ɗayansu da Hausa ba.

Yau akwai jami'a a nan Tawa, sunan Djibo Hamani ma take ɗauke da shi. Daga Kalfu ba nisa. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Duk malamin da za a taya rubuta takardar neman tallafi, a sa masa layi ɗaya cikin lissafi: kuɗin komawa ƙauye, da kuɗin buga shafi goma da Hausa ko Tamajak. Bai kai kuɗin tayar mota biyu ba, a ganina. Abin da ba a rubuta cikin lissafi tun farko ba, mai ajiyar kuɗi ba ya fitar da shi, ko malamin yana so. Shi ya sa nake cewa maganar a teburin jami'a take, ba a bakin samarin nan ba.

Kafin nan, na zauna dare uku na juya labarin Agabba da Hausa, shafi biyu, da hannuna. Ran Alhamis zan karanta shi a aji. Wanda kakansa ya faɗa masa daban, ya zo da wuri, ya zo da alƙalaminsa.