Gwanayen Bin Sawun Zance a WhatsApp

Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni, babu mai ganinsu sai wanda ya aika da waɗanda aka aika wa. Don haka mai binciken da ke son sanin abin da jama'a ke tattaunawa a zaurukansu ba shi da manhajar da za ta kwaso masa zance daga waje. Dole ya yi sallama. Ya nemi admin, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ke tafe da shi. In an ba shi wuri, sai ya zauna makonni yana saurare kamar baƙo a majalisar unguwa, har ya gane wa ake jin maganarsa, wa ke tura kaya kawai, wa ke karanta komai bai taɓa cewa uffan ba.

Wannan haƙuri ne ke burge ni. Kaso mai yawa na hirar mutanenmu saƙon murya ne, ga habaici, ga gatse, ga Hausa gauraye da Turanci. Kwamfuta tana iya ƙirga sau nawa aka ambaci sunan ɗan takara, amma sai kunnen ɗan gari ke rarrabe yabo da zambo.

A zaɓen 2019, lokacin da zaure ɗaya ba ya wuce mutum 256, masu bincike daga cibiyar CDD ta Abuja da Jami'ar Birmingham ta Ingila sun bi yadda 'yan siyasa ke amfani da WhatsApp a Kano da Oyo. Ba su tsaya kan waya ba, sun je sun zauna da masu yaɗa saƙonnin ido da ido. Sun nuna cewa zancen da aka ƙulla a zaure yana fita ta rediyo da bakunan mutane, ya iske wanda ko waya ba shi da ita.

Sai kuma riƙon amana, wanda nake gani shi ne mafi wuya. Gwani yana sakaya sunaye da lambobi, wani lokaci har ya sauya lafazin magana, domin jimla ɗaya ta isa a gano mai ita. Ban da wannan, ga ƙofofin samun bayanai na ta rufuwa ga masu bincike: Twitter ta daina ba da bayananta kyauta a 2023, Meta ta rufe manhajarta ta bin sawun zance, CrowdTangle, a 2024.

Ɗalibanmu na sashen aikin jarida da na nazarin zamantakewa, ku da kuka tashi da harshen a baki, ku shiga wannan fage.