Gadon Gwani: Makomar Gidan Kallo na Yamai, Duba daga Gaya

Yaron da ya tashi a Gaya yana kusa da dawa fiye da yaron Yamai. Gandun dajin W, wanda aka tsayar a 1954 kuma UNESCO ta sa ɓangaren Nijar nasa cikin kayan gadon duniya a 1996, yana can yamma da garin, a kan kogin da masunta ke jefa taru kullum. Amma tun da rashin tsaro ya mamaye wannan daji, hanyar da ta rage wa yaron Gaya ya ga zaki ido da ido ita ce ya hau mota, ya ratsa Doso, ya yi tafiyar kusan kilomita 300 zuwa Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama. Don haka muhawarar abin da ya kamata a yi da wannan gida ta shafi mutanen bakin iyaka kamar yadda ta shafi na babban birni.

Duk wurin kallo da ya tsufa, mutane kan rabu biyu a kansa. Wasu su ce gwanin da ya tsara shi ya gama magana, a bar komai yadda ya aje. Wasu su ce zamani ya wuce, a rushe a kawo lilo mai lantarki da fitilu irin na Dubai. Ra'ayina shi ne dukansu sun ɗauki bango a matsayin gado. Abin da mai tsara irin wannan wuri ke bari shi ne manufar da ya yi ginin dominta, da kuma hannayen da suka iya raya ta. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane ɓangare, ɗaya bayan ɗaya.

An buɗe gidan a 1959, ana gab da samun 'yancin kai. Mutum biyu ne ginshiƙansa: Bubu Hama, malami, marubuci kuma shugaban Majalisar Dokoki har zuwa juyin mulkin 1974, da Pablo Toucet, masanin kayan tarihi ɗan asalin Sifen, wanda ya zama daraktan farko. Tambayar da ke gabansu mai nauyi ce: ta yaya za a nuna wa Bazabarme da Bahaushe da Buzu da Bafulatani da Babarbare cewa ƙasa guda suke, alhali mafi yawansu ba su shiga lakwal ba, ba za su tsaya karanta bayani a jikin gilashi ba? Amsar Toucet ita ce fili mai faɗin kusan hekta 24, a ciki aka watsa ƙananan ɗakunan nuni masu ado irin na ginin Hausa, da gidan namun daji, da kwaikwayon gidajen ƙabilu, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban jama'a, har da wurin koyar da yara da naƙasassu sana'a. Mai shiga don ya ga kura sai ya fito ya ga riguna da kayan kiɗa da ƙasusuwan manyan halittun da aka tono a Gadufawa.

Wannan dabara ce ta filin shaƙatawa mai jigo, ko da ba a kira shi da sunan ba. Jigon shi ne Nijar kanta, an ƙanƙanta ta yadda za a zagaye ta da ƙafa da yamma guda. Yana da magabata a duniya. A 1891 Artur Hazelius ya buɗe Skansen a Istokholm, inda ya tara gidajen ƙauye da masu sana'a da dabbobin ƙasarsa a fili ɗaya. Yana kuma da wani magabaci mai muni: baje kolin mulkin mallaka na Faris a 1931, inda aka gina kwaikwayon gine-ginen Afirka ta Yamma, aka zuba mutane a ciki don Turawa su yi kallo. Cancantar Toucet da Bubu Hama ita ce sun juya madubin. A Yamai ɗan ƙasa ne mai kallo, kuma kansa yake kallo.

To, me ya rayu a cikin wannan tsari, me ya daskare?

Abin da ya fi rayuwa shi ne rumfunan masu sana'a. Dalili kuwa a fili yake: maƙerin azurfa yana da ciniki, yana da yaran da yake koya wa, kuma abin da yake ƙerawa yana sauyawa da buƙatar mai saye. Ba ya jiran kasafin ma'aikata kafin ya hura wuta. Haka nan itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta kayar a 1973 aka ɗauko gangar jikinsa zuwa gidan: ba ya cikin tsarin farko, amma ya zauna daram, domin tsarin ya bar ƙofa a buɗe ga abin da tarihi zai kawo. Ɗakin yuraniyom da aka ƙara daga baya shi ma shaida ne cewa gidan bai taɓa zama abin da aka gama ba.

Kwaikwayon gidajen ƙabilu kuwa, a nan nake da ja. A 1959 akwai hikima a ce ga gidan wannan, ga bukkar wancan, ga tantin wancan, kowa da martabarsa daidai da ta ɗan'uwansa. Sai dai wannan jeri yana koya wa yaro cewa kowace ƙabila akwati ce mai murfi. Wanda ya taɓa zama a kasuwar Gaya ya san ba haka rayuwa take ba. Mutumin Dandi da Bakyange da Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, mutum guda yana juya harshe uku kafin azahar, yana lissafi da sefa da naira a lokaci ɗaya, yana da dangi a Malanbil da Kamba. Jerin gida ɗaya ga ƙabila ɗaya ba shi da wurin aje irin wannan mutum. Idan manufar masu kafa gidan ita ce 'yan ƙasa su gane juna, to riƙon amanarsu a yau shi ne a nuna cuɗanya: zangon fatake, tashar jirgin ruwa, rumfar mai canji, hanyar gishirin Foga da ta goro. Barin jerin yadda yake don girmama Toucet zai zama girmama amsarsa tare da mance tambayarsa.

Batun kejin dabbobi ya fi wannan ciwo. Kejin siminti da ƙarfe shi ne abin da aka sani a shekarun 1960. A yau an san zakin Afirka ta Yamma yana bakin ƙarewa, kuma mafi yawan waɗanda suka rage suna cikin dazuzzukan W da Arli da Panjari. Dabbar da ke kai da komowa cikin taki kaɗan tana koya wa yaro cewa namun daji abin tsokana ne. Mutumin Gaya da ya san dorina a kogi, ya san tsoron da masunta ke yi mata da ɓarnar da take yi wa shinkafa, idan ya gan ta a kwatamin siminti ya san an rage mata wani abu. Duk da haka ban goyi bayan masu cewa a kwashe dabbobin baki ɗaya ba. Su ne ƙofar da talaka ke shigowa ta cikinta. Abin yi shi ne a rage iri, a faɗaɗa wa waɗanda aka bari, a sa mai bayani da Hausa da Zabarmanci a gaban kowanne.

Kano ta ɗanɗana irin wannan gardama. Gidan zu da Gwamna Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970 yana bayan gari a lokacin, yau kuwa birni ya kewaye shi. A wa'adi na biyu na Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, tsakanin 2019 da 2023, an bayyana niyyar mayar da shi Tiga, da hujjar cewa hayaniyar gari na damun dabbobi. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma masu suka sun tambayi abin da za a yi da filin, da kuma yadda mai ƙaramin ƙarfi zai kai iyalinsa Tiga ranar Sallah. Tambaya ta biyun ita ce gadon Audu Bako. Wurin shaƙatawar da ya yi wa talaka nisa ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Darasi mafi ɗaci yana Jos. A can Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-gine a shekarun 1970. An gina kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, da girmansu na sosai, da ƙasa da azara. Aiki ne na ƙauna da ilimi. Amma ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. A garinsa na asali akwai Sarkin Magina, akwai masu unguwa, akwai masu salla a ciki da za su ga tsaga su kira magini kafin damina. Kwaikwayon da aka kai tudun Jos mai yawan ruwan sama ba shi da jama'ar da ke kwana a cikinsa, sai ma'aikata masu jiran kuɗi daga sama. Dmochowski ya rasu a 1982, shekarar da Bubu Hama ya rasu, kuma gine-ginen sun sha fama da zaizaya bayansa. Littafinsa mai juzu'i uku da aka buga a 1990 ya adana awo da zane. Hannun da zai kwaɓa ƙasa da makuba kuwa, littafi ba ya adana shi.

Kada mai karatu ya zaci talauci ne kaɗai ke kawo wannan rikici. Kamfanin Disney, wanda ya buɗe filinsa na farko a Kalifoniya a 1955, ya shiga irinsa. Wasan kwalekwalen nan mai suna Splash Mountain, wanda Tony Baxter ya jagoranci tsara shi aka buɗe a 1989, an gina labarinsa a kan wani fim na 1946 da aka daɗe ana suka saboda yadda ya ƙawata zaman baƙar fata a gonakin kudancin Amurka. A 2023 aka rufe shi a filayen Amurka biyu, a 2024 aka sake buɗewa da sabon labari, kan hanyar ruwan nan dai da gangaren nan. Masoyansa sun yi kuka, har wasu suka riƙa sayar da ruwan wasan a kwalba ta intanet. Abin lura shi ne an sanar da Baxter kansa cikin masu ba da shawara kan sauyin. An riƙe ƙwarewar, an sauya labarin da ya tsufa. Sai dai akwai bambanci da bai kamata a mance ba: Disney ɗan kasuwa ne, ma'auninsa tikiti. Gidan Yamai na al'umma ne, kuma ranar da aka fara auna shi da tikiti kaɗai, ɗakin kayan kiɗa zai sha kaye a hannun lilo.

Misalin da ya fi dacewa da mu yana cikin gida, a jihar Tawa. Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya sami kyautar Aga Khan a 1986, shi ne ya tsara tsohon masallacin Dandaji. Da ginin ya lalace, jama'a suka buƙaci sabo mai girma. Masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci a gefe, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Sun kuma gayyato maginan da suka yi aikin farko suka shiga gyaran. Ga gini ya tsira, ga aiki sabo ya samu, ga ilimin magina ya wuce zuwa wasu hannaye. Masallaci ba filin wasa ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Idan aka bi wannan ƙa'ida, abubuwa uku ke gaban masu riƙe da gidan Yamai. Na farko, ɗakunan nuni na asali da tsarin fili mai itatuwa su ne sa hannun Toucet, a kiyaye su, kada a yanka filin a ba 'yan kasuwa. Na biyu, a ɗauki magina da masu yaɓe da masu kiwon dabbobi a matsayin ɓangaren abin da ake adanawa, da albashi da almajirai, kamar yadda aka ɗauki maƙera tun farko. Na uku, a yarda labarin da gidan ke bayarwa ya sauya, kuma a rubuta a bango abin da masu kafawa suka yi da dalilin da ya sa aka sauya, don mai kallo ya san akwai hannun mutum a cikin abin da yake gani.

Gaya ma tana da rabonta a nan. Garin yana da abin da masu tsara filayen kallo ke kashe dukiya su ƙirƙira: kogi, gadar da ta haɗa ƙasa biyu, wadda rufe ta bayan juyin mulkin 2023 ya nuna wa kowa nauyinta, da kurmin giginya na Dallol Mawri, inda ake samun muruci da azarar da ke riƙe rufin soraye. Duk ranar da wani ya zo da zanen wurin shaƙatawa na bakin kogi, tambayoyin da za a fara yi masa su ne: wa zai iya biyan kuɗin shiga, wa zai gyara bayan damina ta goma, kuma wa zai gaji sanin yadda ake gyaran? In ya amsa waɗannan, sai a duba kyan zanen.