4.3 Sharhi a Kan Bangon Hotunan Fuskar Waya a Jega, Aliero da Maiyama

Kamar yadda aka nuna a babi na uku, bayan shigowar wayar salula Nijeriya a shekarar 2001, hoton fuskar waya ya zama abin ado. Da farko wurin masu turi a kasuwa ake samun sa. Daga baya matasa suka koyi haɗa shi da manhajoji irin su PixelLab da Canva, suna rarrabawa ta WhatsApp, musamman ranar Juma'a da lokacin Sallah.

Idan aka dubi waɗannan hotuna za a tarar cewa saƙon na gida ne, amma bangon, wato shimfiɗar da ake ɗora rubutu a kanta, na aro ne: furen wardi, dutsen marmara, har da dusar ƙanƙara, a ƙasar da zafin bazara ke hana barci. Mai kallo ba zai iya cewa daga Jega hoton ya fito ba. Wannan rauni ne babba, domin kayan aikin suna nan a tsakar gida. Saƙar faifai da ta tabarma, da zanen ƙwarya, duk zubi ne mai maimaita kansa, kuma abin da bango ke buƙata ke nan don kada ya danne rubutu. Ko ɓawon albasar Aliero, in an ɗauke shi kusa, launinsa ya isa bango.

Ana iya yi wa masu haɗawa uzuri da cewa bangon manhaja a shirye yake, kuma kyauta ne. Sai dai wayar da ke haɗa hoton ita ma tana iya ɗaukar hoton faifai.