Masu Auna Maganin Yara da Kwamfuta

A ƙarshen damina, lokacin da gero ke kosawa sauro kuma ya cika gari, ɗakin yara na asibitin Tasawa ko na Mayahi ba ya rabuwa da kuka. Uwa ta shigo da goyo, jikinsa kamar garwashi. Ma'aikaciya ta ɗora shi a sikeli, ta dubi takardar da ke manne a bango, ta zuƙi allura. Duka-duka minti biyu. Adadin nan da ta karanta kuwa, wasu sun yi shekaru suna fama kafin su tsayar da shi, kuma yawancinsu ba su taɓa shan furar Tasawa ba. Su nake son in yi wa kirari.

A gida, dabarar da muka sani ita ce a ɓalla ƙwaya biyu a ba yaro rabi. Likitoci ma sun daɗe suna yin makamancin haka: a ɗauki awon babba a raba shi gwargwadon nauyi. Sai dai jiki randa ce mai yoyo. Kana zuba magani ta sama, hanta da ƙoda suna tsiyayar da shi ta ƙasa, kuma randar yaro ta fi yoyo fiye da yadda girmanta ya nuna. Yaro mai kilo 10 kashi ɗaya ne cikin bakwai na mutum mai kilo 70, amma abin da jikinsa ke fitarwa ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu. In ka auna masa da nauyi kawai, ka ƙware shi: maganin ya gushe, cutar tana nan. Jariri sabon haihuwa kuma akasin haka ne, don hantarsa ba ta nuna ba. A 1959, a Amurka, aka gano jarirai na yin toka-toka suna mutuwa saboda chloramphenicol da ya taru a jikinsu.

To, ta yaya za a san tsakiya? Babba mai lafiya ana iya ɗibar jininsa sau goma sha a yini. Wace uwa ce za ta yarda a yi wa ɗanta haka, yaron da dama jinin bai ishe shi ba? A nan gwanintar take. Sai a ɗauki ɗan ɗigo sau biyu ko uku daga kowane yaro, wannan da hantsi, wancan bayan kwana uku, wani a kwana na bakwai, har a tara na ɗaruruwa. Kowane ɗigo shi kaɗai ba ya cewa komai. Gwani sai ya gina randar nan da lissafi a cikin kwamfuta, ya yi ta gyara faɗinta da yoyonta har hoton ya dace da abin da jinin ya nuna, kamar maharbi da ke haɗa sawu da karyayyen kara ya gane inda nama ya bi. Manhajar da aka fi yin aikin da ita, NONMEM, Lewis Sheiner da Stuart Beal suka ƙera ta a San Faransisko tun wajen ƙarshen shekarun 1970.

Abin da ya fi burge ni shi ne mataki na gaba. Da hoton ya tsaya, sai gwanin ya ƙirƙiri dubban yara na lissafi, masu ƙiba da ramammu, ya ba su wannan awo da wancan, ya ga su wa maganin ya gaza, su wa ya yi wa yawa. Kuskuren duk a kansu yake ƙarewa, su da ba su da uwa mai kuka.

Da irin wannan aiki aka gyara allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Da, miligiram 2.4 ne ga kowane kilo, babba da yaro. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda bai kai kilo 20 ba a ba shi 3. Ke nan goyon da muka gani ɗazu, in kilo 10 gare shi, 30 zai samu maimakon 24.

Jihar Maradi, inda Tasawa da Mayahi suke, ita ma ta ba da nata. Daga 2013 zuwa 2015, cibiyar bincike ta Epicentre da abokan aikinta sun bibiyi yara kusan 400 a birnin Maradi da Welesebugu ta ƙasar Mali, wasu masu tamowa mai tsanani, wasu ba su da ita, duk masu zazzaɓin cizon sauro ne ana ba su haɗin artemether da lumefantrine, wanda aka fi sani da Coartem. Masu lissafi a Bankok ta Tailan suka zauna da sakamakon, suka fitar da shi a 2019. Sun gwada ma'aunai iri-iri don gano wanda ya fi faɗin gaskiya game da shigar magani cikin jini. Wanda ya ci shi ne kaurin dantse, wanda ake aunawa da ɗan zaren nan mai kore da rawaya da ja da ake koya wa iyaye mata a ƙauyuka. Duk santimita ɗaya da dantse ya rage, lumefantrine da ke shiga jiki na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Lissafinsu ya nuna in aka tsawaita shan maganin daga kwana 3 zuwa 5, mai tamowa zai kamo ɗan'uwansa.

Su da kansu ba su ce a ruga a canza ba, sun ce a fara gwadawa a asibiti. Wannan kamun kai ma yana cikin sana'ar. Kafin nan, uwa a Tasawa ko a bakin Gulbin Kaba tana nan a kan kwana uku, safe da yamma, sau shida, kuma ana ce mata ta bi kowace ƙwaya da nono ko madara, don lumefantrine da maiƙo yake shiga jini.