Masu Yi wa Ƙwaƙwalwa Kiɗa da Haske

An ɗora wa wani mutum hula mai wayoyi, an ɗiga ɗan man shafawa mai sanyi tsakanin bakin kowace waya da fatar kansa, an zaunar da shi gaban allon kwamfuta. Allon cike yake da ƙananan akwatuna 40, kowanne ɗauke da harafi ko lamba, duk suna ta wal-wal. Hannuwansa na kan cinya, bakinsa a rufe. Ya zuba wa harafin B ido, kafin ka ce kwabo B ya fito a saman allon. Ya koma kan A, shi ma ya fito.

Na'urar ba ta san abin da ke ransa ba. Abin da take ɗauka shi ne ɗan motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda likita Bajamushe Hans Berger ya fara aunawa a kan ɗan Adam a 1924. Motsin nan raunanne ne ƙwarai, ƙifta ido ko cije haƙori ya isa ya binne shi. Shi ya sa gwanintar da ta fi burge ni ita ce ta masu tsara hasken allon, waɗanda suka gano yadda za su sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga murya.

Sashen gani na ƙwaƙwalwa a ƙeya yake. Idan ka kafa wa fitila ido tana ƙyaftawa sau 10 a daƙiƙa, ƙwayoyin wurin sukan ɗauki bugun, su ma su riƙa harbawa sau 10. Kamar dai makaɗi ne da ya ba kowane mutum takensa: da ka ji kiɗan ka san wa ake nufi. Sai a ba kowane harafi nasa taken, kwamfuta kuma ta kasa kunne a ƙeya ta ji wanne ake amsawa.

A baki abu ne mai sauƙi. Amma allon kwamfuta na yau da kullum sau 60 yake sabunta hotonsa a daƙiƙa, don haka in kunnawa da kashewa za a yi, bugun da ke raba 60 daidai ne kawai ke fita tsaf, irin su 10 da 12 da 15. Ina za a samo take 40? Masu bincike a Jami'ar Tsinghua da ke Beijin, tare da abokan aikinsu na San Diyego a Amurka, sun nuna hanyar a aikin da suka fitar a 2015. Maimakon a kashe hasken ɗif a kunna, sai aka sa shi ya riƙa ƙaruwa yana raguwa a hankali, ta yadda kowane bugu zai samu. Suka jera haruffan daga bugu 8 zuwa 15.8 a daƙiƙa, tazarar 0.2 kacal tsakanin wannan da wancan. Da yake tazarar ta yi ƙanƙanta, sai suka ƙara wata dabara: masu kusancin bugu ba sa farawa tare, lokacin da hasken wannan ke tashi na wancan na sauka. Da haka kallon rabin daƙiƙa ya wadatar, mutum ya rubuta harafi kusan 60 a minti ɗaya ba tare da ya motsa yatsa ba. Duk sanda na tuna tazarar 0.2 ɗin nan sai na jinjina musu.

Akwai wata hanyar da ta girme ta. A 1988 Lawrence Farwell da Emanuel Donchin na Jami'ar Ilinoi suka jera alamomi 36, shida a kwance shida a tsaye, layukan suna haskawa ba bisa tsari ba. Mutum yana ƙirga sau nawa harafinsa ya haska. Duk sanda ya haska, ƙwaƙwalwa takan ɗan zabura bayan kusan sulusin daƙiƙa, kamar wanda ya ji an ambaci sunansa cikin hayaniyar kasuwa. Zaburar nan ita ce P300, inda layin kwance da na tsaye da suka jawo ta suka haɗu kuma nan harafin yake. Daga baya, a 2011, masu bincike a Jamus suka gwada ɗora fuskar sanannen mutum a kan haruffan a maimakon haske zalla, sai amsar ta ƙara ƙarfi, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya kau da kai daga fuska.

Duk wahalar nan saboda waɗanda ciwon jijiya ya shanye wa jiki ake yin ta, mutanen da hankalinsu ke nan daram amma harshe da hannu sun daina amsawa. Irin wannan mara lafiya zai yi sa'o'i gaban allo, kuma bugun da ƙeya ta fi amsawa shi ne ya fi gajiyar da ido, har yakan tayar wa wasu farfaɗiya. In aka ɗaga bugun ya haura 30 ido ya huta, amma amsar ta dusashe. A nan mai tsara haske yake zama yana ragi yana ƙari: ya ɗan rage kaifin farin, ya sauya launi, ya ƙanƙanta akwatin, sannan ya juya ya tambayi mai hular ko idonsa ya fara ruwa.