John Tafida Wusasa da Littafin Jiki Magayi

Cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar da Dokta R. M. East ya shirya a Zariya a 1933, huɗu Musulmi ne suka rubuta su. Na biyar, watau Jiki Magayi, East ya rubuta shi tare da John Tafida, Kirista mutumin Wusasa, inda mishan ta C.M.S. ta koma daga birnin Zariya a 1929.

Abin lura shi ne babu wa'azin coci a cikinsa ko kaɗan. Mutanen labarin Musulmi ne: Malam Shehu attajiri, wanda ya auri Zainabu da ƙarfin dukiya, Abubakar, wanda aka raba da ita, ya shiga duniya neman abin ramuwa, da Kyauta, ɗan da sammun ya faɗa wa, ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Ruwan Bagaja dariya yake ba yara. Wannan kuwa alhakin manya yake ɗora wa yaron da bai ci nanin ba. Malamin da ke karantar da shi a Gwandu ko Kalgo lalle ya shirya wa tambayar ɗalibai: to, mene ne laifin Kyauta? In ya rufe bakinsu da cewa ƙaddara ce, ya rage wa littafin nauyinsa.

A 1962 Cyprian Ekwensi ya fitar da An African Night's Entertainment, labarin nan ne cikin Turanci. Sunansa ya yi nisa da shi, na Tafida kuwa ya tsaya a inuwar East.